Tsakanin "Damuwa" da "Hauka": Kalmomin da Ke Hana Ɗalibi Neman Magani

A jami'o'in Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa, hukumomin da ke kula da jin daɗin ɗalibai su ne ke riƙe da ɗakunan kwana da gidan cin abinci da ɗakin shan magani. Ɗalibin da zazzaɓin cizon sauro ya kama ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa, ya kuma san sunan ciwonsa. Amma wanda barci ya ƙaurace wa, karatu ya daina shiga kansa, abinci ya fita ransa, sau da yawa yakan zauna a ɗaki, domin ba shi da sunan da zai kira abin da ke damunsa ba tare da ya ji kunya ba. Wannan matsala ce ta kiwon lafiya, kuma tana da ɓangaren da ya shafi masu nazarin harshe kai tsaye.

Hausa tana da kalmomi masu yawa a wannan fage, sai dai sun kasu gida biyu masu nisa da juna. A gida na farko akwai damuwa, baƙin ciki, ɓacin rai, ƙunci da tashin hankali. Duk waɗannan ana ɗaukar su abubuwan yau da kullum, kuma maganin da aka saba ba mai su shi ne "yi haƙuri". A gida na biyu akwai hauka, taɓin hankali da gushewar hankali, kalmomin da ke kawo hoton mai yawo a bola, suna kuma iya ɓata sunan gida har su hana aure. Yawancin ɗaliban da ke buƙatar taimako suna tsakanin gidajen nan biyu: abin da ke damunsu ya wuce haƙuri, bai kuma kai hauka ba.

Kafofin watsa labarai sun yi ƙoƙarin cike giɓin da "lafiyar ƙwaƙwalwa" da "ciwon damuwa". Ta farkon tana da rauni, domin ƙwaƙwalwa gaɓa ce ta jiki, mai sauraro kuwa yakan fahimci cewa kan mutum ya lalace. Bahaushe a zuciya da rai yake ajiye abin da yake ji, amma "ciwon zuciya" ya riga ya zama sunan cutar gaɓar zuciya. Ta biyun ta fi dacewa: ta ɗauki kalmar da kowa ya sani, ta haɗa ta da "ciwo", ta nuna cewa abu ne mai magani. A ɗakin likita kuma akwai wani shingen, domin ana rubuta sunan cutar da Faransanci, dépression, iyayen da za a yi wa bayani a ƙauye kuwa ba su da wannan kalma, sai su fassara ta da iska ko sammu.

Al'adar magana ma tana da nata tasiri. Amsar "ina kwana" ita ce "lafiya lau", ko da mai amsawa bai runtsa ba. Karin magana ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, don haka ɓoye damuwa yakan zama alamar dattako, musamman ga namiji. Ɗalibin da ya baro gida, kuɗin tallafin karatu suka yi jinkiri, jarrabawa ta ƙarato, dangi kuma suka ɗora masa buri, yakan ga faɗin halin da yake ciki tamkar kāsawa ne. Wasu sukan koma ga tramol don su jure karatun dare, abin da ke ƙara dagula barci da tunani.

Masana lafiya suna da ma'auni bayyananne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da wata larura irin wannan. Ana zargin ciwon damuwa idan baƙin ciki ko rashin sha'awar komai ya ɗauki mako biyu ko fiye, kusan kullum, tare da canjin barci, canjin cin abinci, gajiya da kāsa tattara hankali. Wanda ya ga haka ya fara da ɗakin shan magani na jami'a, daga can a tura shi wurin ƙwararru, kamar sashen da aka sani da Pavillon E a Babban Asibitin Ƙasa na Yamai. Shirin mhGAP da hukumar ta ƙaddamar a 2008 an gina shi ne don ma'aikacin lafiya da ba ƙwararre ba ya iya gane irin waɗannan cututtuka ya fara kula da su. Addu'a da ganin likita ba sa hana juna. Idan kuwa ɗalibi ya ambaci kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.

Aikin da ke gaban sashen nazarin harshe a fili yake: tattara kalmomin da ɗalibai ke amfani da su a Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa, gwada su tare da ma'aikatan jinya, da fitar da ɗan ƙamus da za a ajiye a ɗakunan shan magani. Kafin nan, abokin ɗaki yana iya sauya tambayarsa. Maimakon "lafiya?", wadda amsarta sananniya ce, ya ce: "Kwana nawa ke nan ba ka yi barci ba?"