Kafin Ka Sayi Siminti, Fara Ganin Gidan a Kwamfuta

Ɗan kasuwa sai ya shekara 10 yana tara kuɗi, ya aiko a ɗora masa bene a filin gado a Nima ko Maamobi, ya iso ya tarar ƙofar banɗaki tana kallon falo. Rushewa kuwa asara ce. Gara a fara zana gidan, iyali su gani su amince.

To wace manhaja ta fi? Sweet Home 3D kyauta ce, ɗan koyo ma zai iya: ka ja bango, ka ɗauko gado ka ajiye. SketchUp tana da rumbu, 3D Warehouse, cike da ƙofofi, tagogi da matakala da wasu suka riga suka zana. AutoCAD, wadda ta fito tun 1982, ta ƙwararru ce, ga tsada. A cikinta taga ɗaya ake zanawa a adana, a yi ta maimaita ta, in an gyara ɗaya duk sun gyaru.

Amma a yi hattara. Yawancin shiryayyun zanen nan na gidajen Turai da Amurka ne. Babu zaure, babu wurin alwala, babu tsakar gidan da Hajiya za ta tuƙa tuwon suna. Ba su san ƙuncin lungunan Zango ba, balle ruwan Yuni da ke cika babbar kwatar Nima. Ka auna filinka da kanka, ka ɗaga daɓe sosai.

Zanenka na shawarar iyali ne kawai. Wanda za a kai Majalisar Ayawaso East ko Ayawaso North neman izinin gini, ƙwararre mai lasisi ne zai zana shi.