Ƙungiyar Da Ta Haɗa Zik Da Nkrumah A Amurka

Ran 9 ga Janairu, 1914, waɗansu ɗalibai uku baƙar fata na Jami'ar Howard da ke birnin Washinton suka kafa ƙungiyar zumunta mai suna Phi Beta Sigma. Su ne A. Langston Taylor da Leonard F. Morse da Charles I. Brown. A zamanin nan wariyar launin fata ta toshe wa baƙaƙe ƙofofi da dama, sai suka ga ba su da madogara sai junansu.

Da rassa suka fara yaɗuwa zuwa waɗansu jami'o'i, sai aka yi babban taro na farko a 1916. Wannan taro na wakilan rassa shi ke da wuƙa da nama. Shi ke zaɓen shugabanni, shi ke gyara tsarin mulki. Yanzu ana yinsa bayan kowace shekara biyu, majalisar zartaswa kuwa ta riƙe ragama tsakanin taro da taro.

A 1929 aka ƙirƙiro wani reshe na musamman, wato reshen waɗanda suka yi fice wajen hidima. Ba a neman shiga cikinsa, sai dai a zaɓi mutum saboda aikin da ya yi wa jama'a, kuma babu girmamawar da ta fi wannan a ƙungiyar.

Dokta Nnamdi Azikiwe da Kwame Nkrumah duk sun shiga ƙungiyar sa'ad da suke karatu a Amurka, kafin su komo gida su ja ragamar neman 'yancin Nijeriya da Ghana.