Guzurin da Matafiyan Zariya Ke Mantawa da Shi

Duk wanda ya shiga kasuwar Sabon Gari ana saura makonni kaɗan a fara jigilar alhazai, zai ga yadda ake haɗa guzuri: yaji, kuka, daddawa, garin kunu, busasshiyar kuɓewa. A Samaru ma haka abin yake idan malamin Jami'ar Ahmadu Bello ya samu gurbin ƙaro karatu a Maleshiya ko Ingila, ko ɗalibi zai tafi Masar. Ana tanadin abin da za a ci, ana lissafin tsarabar dawowa. Abin da ba a cika zama a yi shawara a kansa ba shi ne, idan ciwo ya kama mutum a can, wa zai kira, me zai nuna, kuma da me zai biya?

Rigakafi ne farkon shiri, kuma a nan ake yawan yin ha'inci. Akwai masu neman katin rigakafin shawara ta bayan fage ba tare da allura ta taɓa jikinsu ba, alhali allurar sau ɗaya ake yin ta. Tun watan Yulin 2016 dokokin Hukumar Lafiya ta Duniya suka mayar da katin ya zama na tsawon rai, sai dai ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. Ta sanƙarau ma tana da dalili. A aikin Hajjin 2000 wani nau'in cutar mai suna W135 ya ɓarke a tsakanin alhazai, suka koma da shi ƙasashensu, shi ya sa Saudiyya ta wajabta allurar da ke kare nau'i huɗu. Mai katin bogi zai iya wuce jami'in filin jirgi, amma jikinsa a buɗe yake a cikin cunkoson Mina.

Sai maganin da mutum ke sha kullum. Mai hawan jini ko ciwon suga da ke ganin likita a asibitin koyarwa na Shika, ya dace ya koma kafin tafiya, ya karɓi takarda mai ɗauke da sunan ciwon, da ainihin sunan maganin, da yawan da yake sha. A Sabon Gari mai kemis ya san kwastomansa, da an ce "ba ni irin na rannan" ya gane. A Alƙahira ko Guangzhou babu wanda ya san irin na rannan. Maganin ya zauna a kwalinsa, a jakar hannu, ya kuma wuce kwanakin tafiyar, don jirgi kan yi jinkiri, akwati kan ɓata. Allurar insulin ba ta son zafi, ba ta kuma son daskarewa, don haka ba a saka ta cikin kayan awo. Mai sikila kuwa ya yawaita shan ruwa a jirgi, ya kiyayi sanyi.

Wani maganin da ake samu a nan cikin sauƙi, a can laifi ne babba. Tramadol da kodin suna ƙarƙashin doka mai tsanani a Saudiyya da Masar da Dubai. Jama'a ba su manta da ɗalibar nan ta Jami'ar Maitama Sule da ke Kano ba, wadda aka kama a Madina a watan Disambar 2018 saboda wata jaka mai tramadol da aka liƙa wa sunanta a filin jirgin Malam Aminu Kano ba da saninta ba. Sai a ƙarshen Afrilun 2019 aka sake ta, bayan bincike ya wanke ta. Ita ba ta ma karɓi kayan kowa ba, balle wanda ya karɓa da hannunsa. Bahaushe yana jin nauyin ya ce a'a idan maƙwabci ya ce, "Alhaji, ga ɗan saƙo ka kai wa ƙanena." To, ko dai a buɗe saƙon a gabansa a ga abin da ke ciki, ko a ba shi haƙuri.

Akwai ciwon da matafiyi ke tafiya da shi daga gida bai sani ba. Sauron Samaru zai iya cizon mutum yau, zazzaɓin ya tashi bayan mako biyu yana Landan, inda likita zai iya ɗauka mura ce. Dole marar lafiya ya faɗa da bakinsa cewa daga Najeriya ya zo, a gwada jininsa. Jinkirin kwana biyu kan kai mutum ɗakin kulawa ta musamman.

Zafi ma yana kisa. A Hajjin 2024 ma'auni ya haura digiri 51 a Makka, mutum fiye da 1,300 suka rasu, kuma hukumomin Saudiyya sun ce mafi yawansu ba su da izinin aikin Hajji, wato ba su da tanti mai sanyi ko motar da za ta ɗauke su. Lema da gorar ruwa da jinkirta jifa zuwa lokacin da rana ta yi sanyi sun ceci tsofaffi da yawa.

Inshorar lafiya kuwa, bizar ƙasashen Schengen ba ta samuwa sai da wadda ta kai Yuro 30,000. Da yawa suna sayen ta don cika sharaɗi kawai, ba su karanta ta ba, ba su san lambar da za a kira ba, ba su san ko ta haɗa da tsohon ciwo ba.

Wani lokaci kuma ƙasar ce gaba ɗaya ke rikicewa. Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartoum, ɗaliban Najeriya, da yawansu 'yan Arewa, suka maƙale babu wuta, babu hanyar cirar kuɗi. An kwashe wasu a motocin bas zuwa iyakar Masar, suka yi kwanaki a can, rukunin farko bai sauka Abuja ba sai farkon watan Mayu. Abubuwan da ke amfani a irin wannan rana ƙanana ne: tsabar kuɗi a hannu, kwafin fasfo, suna a rajistar ofishin jakadanci, da lambobin waya a rubuce a takarda, domin waya kan mutu. A cikin takardar a sa lambar gaggawa ta ƙasar, 112 a Tarayyar Turai, 999 a Ingila da Maleshiya, 997 don motar asibiti a Saudiyya, sannan a bar kwafi ɗaya a hannun wani ɗan'uwa a Zariya.