Damuwar Matasan Gabashin Sakkwato: Wa Ke Jin Ta Bakinsu?

Daga harin Tabanni a ƙaramar hukumar Rabah cikin Yulin 2018, wanda ya kora jama'a zuwa Gandi, har zuwa kisan gillar kasuwar Goronyo a Oktoban 2021, yaran wannan yanki sun tashi da fargaba a zuci. Yau sun zama samari da 'yan mata. Sai dai duk lokacin da aka zo maganar halin da suke ciki, iyaye da malamai ne ke amsawa a madadinsu.

Babba kuwa abin da ya dame shi yake gani. Yaron da ya kangare, ko yake faɗa, ko ya fara shan ƙwaya, nan da nan a san da shi. Yarinyar da ba ta barci, da yaron da gabansa ke faɗuwa in ya ji rugugin babur, sai a yaba musu da natsuwa. Masana sun daɗe da lura da wannan giɓi, shi ya sa Thomas Achenbach a Amurka ya tsara tambayoyin da matashi ɗan shekara 11 zuwa 18 zai amsa da kansa, yana kwatanta amsar waɗanda aka kai asibiti da ta sauran tsaransu. A 1997 Robert Goodman a Ingila ya fito da wata gajeriya mai tambaya 25. Darasin iri ɗaya ne: baƙin ciki da tsoro, mai su ya fi kowa saninsu.

To amma kawo wannan awo Wurno ko Goronyo ba abu ne mai sauƙi ba. Kunya na hana yaro buɗe cikinsa gaban manya, an kuma horar da shi a kan haƙuri. Ga tsoron masu kai wa 'yan bindiga rahoto: baƙo riƙe da takarda yana tambaya abin zargi ne. Almajiri da yarinyar da aka cire daga makaranta ba za su cike takardar boko ba, alhali su ne suka fi buƙata. Abin da ya fi damuna shi ne ma'aunin kansa. A ƙauyen da ake kwana da kunne a buɗe, rashin barci ya zama ruwan dare. In aka auna da sikelin Amurka, kusan kowa zai fito marar lafiya; in aka ce ai kowa haka yake, an bar wanda ciwon ya ci ƙarfinsa.

Sakamakon shirun a bayyane yake. Wasu na neman sauƙi wajen tiramol, wasu su bar karatu, wasu a ce aljanu ne, ba a kai su asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware sai abu ya yi nisa.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta buɗe ƙofa. Ina kira ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da likitocin Kware su tsara tambayoyin da Hausar Sakkwato, a yi su da baki, cikin sirri, mace ta tambayi mace, a kuma gwada su a kan matasan yankin kafin a yanke wa kowa hukunci. Kada kuma a tambayi yaro damuwarsa sai an tanadi inda za a kai shi.