Tarwaɗar Madarumfa da jiragen teku

Idan damina ta yi nisa, gulbi ya zubo wa tafkin Madarumfa laka, ruwan kan gurɓace har mutum ya tsoma hannu bai ga yatsunsa ba. Amma masunci ya san tarwaɗa ba ta kwana da yunwa don duhu. Gashin bakinta na taimakonta, sai dai akwai abin da ya fi shi ban mamaki: a fatarta akwai ƙananan ƙofofi masu jin ɗan lantarkin da ke fita daga jikin kowane mai rai a ruwa. Ƙaramin kifi ko ya lafe cikin taɓo, numfashinsa kaɗai ya isa ya tona shi.

Mun fi sanin minjirya, mai girgiza wanda ya taɓa ta da wutar da kan kai bolt 350. Wannan duka ne. Ji daban ne, kuma yauni ne ya buɗe wa masana ƙofarsa, lokacin da Hans Lissmann na Jami'ar Kambirij ya nuna a 1951 cewa kifin nan yana sakin raunanniyar wuta ba ƙaƙƙautawa. Daga baya ya tabbatar cewa da ita kifin yake laluben abin da ke kewaye da shi.

Abin da injiniyoyi ke fafutukar ƙerawa yau ya fi kusa da na tarwaɗa: na'urar da za ta kwanta shiru a ƙasan teku, ba ta fitar da komai, tana sauraren lantarkin jiragen da ke wucewa.

Me jirgi ke fitarwa? Duk wanda ya taɓa fasa tsohon batirin tocila ya ga ƙarfen tutiya a waje, baƙin sanda a tsakiya, da danshi mai gishiri tsakaninsu. Jirgin teku haka yake. Gangar jikinsa ƙarfe ce, farfelarsa tagulla, ruwan teku kuwa gishiri, don haka wuta na gudana tsakaninsu ta cikin ruwa. Fayafayan tutiyar da ake manna wa jirgi don tsatsa ta cinye su a madadinsa ƙara wutar suke yi. Ga inda abin ya fi burge ni: wutar tana komawa cikin jirgi ta sandar da ke juya farfela, kuma kowane juyi sai ta ɗan hau ta ɗan sauka. Uwar gida tana ɗaka, ta ji lugude a bayan katanga, ta ce wance ce ke daka, yau ma da ƙanwarta suke. Ba ta ga kowa ba, saukar taɓarya ta gaya mata. Da irin wannan bugun na'urar ke gane saurin juyin farfela, a kintaci irin jirgin.

Na'urar kanta ba ta da kwarjini. Ƙusoshi biyu ne ko fiye, galibi na azurfa da gishirin azurfa, a kafa su nesa da juna a auna bambancin wutar da ke tsakaninsu. Wahalar tana ga hayaniya. Igiyar ruwa na haifar da nata lantarkin yayin da take ratsa maganaɗisun duniya, ƙusoshin ma suna da nasu gunaguni, sai aikin ya zama neman muryar ɗanka a tsakiyar kasuwa ranar ci. Alamar kuma saurin dusashewa take da nisa, shi ya sa ake dasa na'urar a mashigi da bakin tashar jiragen ruwa.

Ina son ganinta tana gadin tasha. Raina ba ya kwanciya idan na tuna kunnen nan ne ake iya ɗaura wa nakiyar ruwa. Saboda haka sojojin ruwa ke ta dabarun daidaita wutar sandar farfela, kamar mai daka da ta shimfiɗa buhu ƙarƙashin turmi don kada maƙwabta su ji.

Kwalekwalen katako na masuncin Madarumfa ba shi da tagulla, ruwan tafki kuma ba gishiri. Zai bi ta kan na'urar da asuba da kallinsa, ya dawo da karfasa, allonta bai nuna komai ba.