Mazaunin Hannu na Na'urar Hangen Nesa: Abin Dubawa Kafin a Saya

Gabatarwa

Galibin wanda sha'awar kallon taurari ta kama shi, abin da yake fara tambaya shi ne bututun, wato ita na'urar hangen nesa kanta: nawa ne faɗin gilashinta, sau nawa take ƙara girman abu, me za ta nuna a jikin wata. Ba kasafai ake tunawa da abin da za a ɗora ta a kai ba. Alhali kuwa na'ura mai tsada a kan mazauni mai rawa ba ta kai mai araha a kan mazauni tsayayye amfani ba. A wannan rubutu ina so in yi bayanin yadda ake zaɓen mazaunin da mutum ɗaya zai iya ɗauka, wanda kuma da hannu ake juya shi, ba inji ba batir.

Da yake masu karanta mujallar nan ɗaliban harshe ne, bari in daidaita kalmomi tukuna. Na'urar hangen nesa iri biyu ce a taƙaice. Akwai mai gilashi, wadda ƙwayar gilashi irin ta tabarau ke zaune a bakin bututunta tana tara haske, ana leƙawa ta ƙarshen bututun. Ita ce Hans Lipperhey ya nemi a yi masa rajistarta a ƙasar Holan a shekarar 1608, kuma irinta Galileo ya ƙera a 1609, har ya hango watanni huɗu na Mushtari da ita a watan Janairu na 1610. Akwai kuma mai madubi, wadda Isaac Newton ya ƙera a 1668. Maganarmu a kan mai gilashi take. Abin da ake ɗora ta a kai zan kira shi mazauni, kuma kashi biyu ne: kai, wanda yake riƙe bututu yana juyawa, da ƙafafu uku da suke ɗauke da kan.

Me ya sa mazauni yake da muhimmanci haka?

Dalili na farko shi ne na'urar ba ta bambance abin da kake so ta ƙara da abin da ba ka so. Idan ta ƙara girman wata sau 100, to rawar hannunka da kaɗawar iska ma sau 100 za ta ƙara su. Ɗan motsin da ido ba zai kula da shi ba, sai ya sa zoben Zuhal ya dinga tsalle a gabanka.

Dalili na biyu kuwa shi ne sama ba ta tsaye wuri ɗaya. Duniya tana juyawa kimanin digiri 15 a kowace sa'a, wato rubu'in digiri a minti ɗaya. Idan ana ƙara girma sau 100 da gilashin leƙe na yau da kullum, filin sama da ake gani bai wuce rabin digiri ba, kwatankwacin faɗin cikakken wata. Ke nan tauraron da ya shigo ta wannan gefe, cikin minti biyu ya fice ta wancan. In aka ƙara zuwa sau 200, minti ɗaya ne. Saboda haka mai kallo kullum cikin bin abin kallonsa yake, kuma mazauni ne zai sa wannan bi ya zama mai sauƙi ko ya zama wahala.

Iri biyu na kai

Na farko shi ne wanda zan kira mai sama-da-gefe. Yana ɗagawa sama ya sauko ƙasa, yana juyawa hagu da dama, kamar dai wuyan mutum. Ba ya bukatar saiti. Ka kafa ƙafafu, ka ɗora bututu, shi ke nan. Aibinsa shi ne taurari a karkace suke tafiya, don haka sai an riƙa taɓa ɓangarorin biyu kafin a bi su.

Na biyu shi ne mai karkata. Shi an kwantar da ɗaya daga cikin sandunan juyinsa ne ta yi daidai da sandar da duniya take juyawa a kanta, wato ta nufi wajen tauraron arewa. Da zarar an saita shi, murɗa abu ɗaya ya isa a bi tauraro har ya faɗi. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne samfurin Jamus, wanda ake danganta shi ga Joseph von Fraunhofer da babbar na'urar da ya ƙera wa ɗakin binciken taurari na Dorpat, garin da yanzu ake kira Tartu a ƙasar Estoniya, a shekarar 1824. Dabara ce mai kyau ƙwarai, sai dai tana da kuɗinta. Bututu a gefe ɗaya yake rataye, dole a sa masa dunƙulen ƙarfe a ɗaya gefen ya daidaita nauyi. Wannan ƙarfe ba ya nuna maka komai, amma kai ne za ka ɗauke shi.

A nan ne wurin da muke zaune ya shigo cikin magana, kuma yawancin littattafan da aka rubuta a Turai da Amurka ba su damu da shi ba. Tsawon tauraron arewa daga doron ƙasa daidai yake da nisan garinka daga ikwaita. A Landan ya haura digiri 51, ana ɗaga kai a gan shi. A Legas kuwa wajen digiri 6 da rabi ne, a Ibadan 7 da 'yan kai, a Abuja 9, a Kano 12. Don mai karatu ya gane, idan ka miƙe hannu ka dunƙule shi, faɗin dunƙulen kusan digiri 10 ne. To tauraron da bai kai tsawon dunƙule ɗaya ba, gini ko bishiya ta ishe shi ɓuya, balle hazon hunturu ko gajimaren kudu. Bayan wannan kuma, idan aka kwantar da sandar juyi ƙasa-ƙasa haka, a wasu mazaunai dunƙulen ƙarfen yakan riƙa bugun ƙafa, wasu ma tun daga masana'anta ba a yi su don su sauko zuwa digiri 6 ko 7 ba. Duk mai son irin wannan sai ya duba takardar bayaninsa ya ga iyakar saukowarsa kafin ya biya kuɗi.

Ni dai a ganina, wanda kallo da ido kawai ya nufa, mai sama-da-gefe ya fi masa. Masu cewa a sayi mai karkata don ɗaukar hoto nan gaba sun manta cewa hoton taurari masu dushi-dushi sai da inji mai bin sama da kansa, ba da hannu ba. Haka nan mai neman jinjirin wata bayan faɗuwar rana, share gefen yamma yake yi daga hagu zuwa dama, kuma wannan aikin mai sama-da-gefe ne.

Nauyi da tsawo

Kowane kamfani yana rubuta nauyin da mazauninsa zai iya ɗauka. Alal misali, Porta II na kamfanin Vixen na Japan an rubuta masa kilo 5. Abu biyu nake so a lura da su game da irin wannan adadi. Na ɗaya, ba bututu tsirara ake aunawa ba. A haɗa da zobban da suke riƙe shi, da madubin kwana da ake sawa a gindi don kada a karya wuya, da gilashin leƙe, da ƙaramar na'urar saiti da take manne a gefe. Waɗannan sukan ƙara kilo ɗaya ko fiye. Shawarar da masu wannan harka suka saba bayarwa, kuma na yarda da ita, ita ce kada a wuce kashi biyu cikin uku na abin da aka rubuta.

Na biyu, kuma shi ya fi shafar mai gilashi, adadin bai faɗi komai a kan tsawo ba. Duk wanda ya taɓa ɗaukar buhun gero da kuma doguwar gora ya san bambancin: buhun ya fi nauyi, amma gorar ta fi wuyar sarrafawa, da ta fara lilo sai ta ga dama ta tsaya. Na'ura mai gilashin milimita 80 da bututu na kimanin santimita 40 za ta zauna lafiya a kan ƙaramin mazauni. Mai gilashin milimita 102 da bututun da ya kai mita guda kuwa, ko da sikeli ya ce ba ta wuce iyaka ba, iska kaɗan za ta sa ta rawa a kan wannan mazaunin. Kullum dogon bututu a ba shi mazaunin da ya fi nauyinsa a takarda.

Murɗawa ko turawa?

Mazaunin hannu wani yana da maɗauran murɗawa guda biyu, galibi a kan wayoyi masu lanƙwasa, waɗanda suke gusa bututu a hankali a hankali. Porta II irinsa ne, haka ma AZ5 na kamfanin Sky-Watcher. Wani kuma ba shi da su, da hannu ake tura bututun, a ɗaure shi ko a sassauta gwargwadon bukata, kamar AZ4 na wannan kamfanin. Wanne ya fi? Ya danganta da abin da kake kallo. In kaza da 'ya'yanta ce, ko yawo cikin taurari da ƙarin girma sau 20 ko 30, turawa ta fi daɗi da sauri. In kuwa ramukan wata ne, ko Mushtari da Zuhal da ƙarin girma sama da sau 100, murɗawa tana rage fushi ƙwarai. Mai dogon bututu ya tabbata wayoyin murɗawa sun isa inda yake zaune, don ba daɗi ido yana gindin bututu hannu yana lalube can tsakiyarsa.

Ko wanne aka zaɓa, sai an daidaita bututu cikin zobbansa yadda gaba da baya za su yi nauyi ɗaya. In ba haka ba, da ka cire gilashin leƙe mai nauyi sai bakin bututu ya rusuna, abin da ka sha wuya ka samo ya ɓace.

Tsakiyar sama

Ga wata matsala da ta fi damun mu a nan fiye da mutanen Turai. Da yake muna kusa da ikwaita, wata da su Mushtari sukan bi ta kusa da tsakiyar kanmu. Wannan alheri ne, domin a can iska ba ta dagula hoto sosai. Amma ita mai gilashi ta gindi ake leƙa ta, in bakinta ya kalli sama sai gindin ya sauka ƙasa. A ce kan mazauni yana tsawon santimita 120, bututu kuma mita guda ne an riƙe shi a tsakiya. Wurin leƙe zai dawo kimanin santimita 70 daga ƙasa. Ba a tsaye za a yi wannan kallo ba, sai da kujera 'yar tsugunno. Wani lokacin ma gindin bututun ne zai daki ƙafa kafin ya miƙe. Maganinsa shi ne ɗan ginshiƙin ƙari da ake sawa tsakanin kai da ƙafafu, ko kuma kai mai hannu a karkace wanda yake nisantar da bututu daga ƙafafu. A gwada wannan tun a ɗaki da rana. A sani kuma, mai sama-da-gefe yakan yi taurin kai daidai tsakiyar sama, sai a ɗan jira abin kallo ya gota.

Ƙafafu

Uku ake yi musu saboda dalilin da ya sa duwatsun murhu suke uku: ko ƙasa ba ta daidaita ba, tukunya ba ta gurgusawa. Yawancin rawar da ake ɗora wa kai laifinta daga ƙafafu take. Na alminiyam ba su da nauyi, amma siraransu suna da karkarwa. Na baƙin ƙarfe sun fi tsayuwa, sai dai nauyi, ga tsatsa a garuruwan da suke da laima. Na katako sun fi kowa shanye girgiza, shi ya sa har yau kamfanin Berlebach na Jamus yake yin su, amma da tsada. Ƙafafun kyamara sukan ɗauki ƙaramar na'ura gajeriya, da sharaɗin kada a zaro sandar tsakiya, don tana zarowa ƙafa uku sun koma ɗaya. Kada a buɗe tsawon ƙafafu gaba ɗaya in ba dole ba, a sa farantin da yake haɗa su, a rataya jakar kaya a tsakiya ta danne su.

Akwai gwaji mai sauƙi. Saita na'urar a kan wani abu mai nisa, kamar kan hasumiya ko turken waya, da ƙarin girma mai yawa, ka ƙwanƙwasa bututun da ɗan yatsa, ka ƙirga. In hoto ya natsu cikin daƙiƙa biyu, madalla. In ya haura biyar, to duk lokacin da ka taɓa wurin gyara gani sai ka jira, kuma za ka gaji. Wajen wannan gwaji na rana, kada a kuskura bakin na'ura ya fuskanci rana. Leƙe ɗaya ya isa ya makantar da ido.

A kuma duba mahaɗi. Galibin ƙananan na'urori suna da wata 'yar sanda a ƙarƙashi da take shiga bakin kai a ɗaure. Samfurin Vixen, mai faɗin kusan milimita 44, shi ya fi yawa. Na Losmandy ya kai wajen 75, na manyan na'urori ne. In sandar da bakin ba su dace ba, sai an sake sayen wani abu, araha kuwa ba ta ado.

Saura maganar ɗauka. Ma'aunina shi ne mutum ya iya fita da komai a sahu ɗaya: bututu a jaka a kafaɗa, mazauni a hannu, ya sauko daga bene ko ya shiga Keke Napep ba tare da ya nemi taimako ba. Ga yawancinmu wannan bai wuce kilo 10 zuwa 12 gaba ɗaya ba. Da yake kusan duk kayan nan daga waje ake kawo su, kowane kilo kuɗin dako ne. Shi ya sa ga ɗalibi nake ganin na'ura mai milimita 80 zuwa 100 wadda bututunta bai cika tsawo ba, a kan mai sama-da-gefe mai maɗauran murɗawa. Wanda ya riga ya mallaki dogon bututu kuwa, ya haƙura da nauyi ya nemi ƙafafun ƙarfe da ginshiƙin ƙari. Lokacin hunturu a riƙa rufe kan da ƙyalle bayan an gama, domin ƙura in ta haɗu da man giris ɗin da ke cikin haƙoransa, murɗawa takan fara cijewa.