Ido ko na'ura: Me ke hana jirage marasa inji yin karo a sararin sama?

A Jamus, Faransa da Suwizalan, dubban mutane ne ke tuƙa ƙananan jirage marasa inji domin wasa da gasa. Jirgi mai inji ko igiyar da aka ɗaura a keken naɗi ke cilla su sama, daga nan sai matuƙi ya nemi iska mai ɗumi da ke tashi daga ƙasa, ya riƙa kewayawa a cikinta kamar yadda shirwa ke yi. Hatsarin kuwa a nan yake: iskar da ta ɗaga jirgi ɗaya ita kowa ke nema, don haka jirage da dama kan cunkushe a wuri guda, ba tare da jagorancin jami'an kula da zirga-zirgar jirage ba.

Iyakar ido

Tsohuwar ƙa'ida ita ce matuƙi ya gani, ya kauce. Sai dai ido na da rauni. Jirgin da ke kan hanyar yin karo da wani ba ya motsi a gilashin matuƙi. Yakan tsaya kamar ɗigo, sai a daƙiƙun ƙarshe ya kumbura farat ɗaya. Ga shi jiragen farare ne, fikafikansu sirara.

Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka ta ƙiyasta cewa matuƙi na buƙatar daƙiƙa 12.5 daga hango jirgi zuwa kauce masa. Idan jirage biyu suka tunkari juna, kowanne na gudun kilomita 150 a sa'a, cikin wannan lokaci za su cinye fiye da kilomita ɗaya.

A ranar 14 ga Yunin 2009, wani jirgin horo na rundunar sojin saman Birtaniya ya yi karo da jirgi marar inji kusa da Drayton a Ingila. Malami da ɗalibinsa suka rasu, ɗaya matuƙin kuma ya tsira da lema. Masu bincike sun gano cewa malamin na fama da ciwon ƙashin baya da ya taƙaita juya wuyansa.

Abin da na'ura ta kawo

A 2004 wasu matuƙa a Suwizalan suka fito da na'urar FLARM. Tana amfani da GPS da ma'aunin matsin iska domin sanin inda jirgi yake, ta hasashe inda zai bi, sannan ta watsa bayanin ta rediyo ga jiragen da ke kusa. Idan hanyoyi biyu za su haɗu, sai ta yi ƙara tare da haska fitilar da ke nuna ɓangaren da hatsarin yake, kimanin daƙiƙa 18 kafin karo. Saboda ta san yadda waɗannan jirage ke kewayawa, ba ta kururuwa don kawai wani ya matso. A 2013 ƙungiyar masu wannan wasa ta Faransa ta wajabta ta ga kulob-kulob ɗinta.

Inda ta gaza

FLARM ta asali ba ta ganin jirgin da ba ya ɗauke da irinta. Gangar jirgin da aka ƙera da zaren kabon na iya tare saƙon rediyo daga wani ɓangare. Tana auna alƙibla ne bisa hanyar da jirgi ke bi a kan ƙasa, don haka idan iska mai ƙarfi ta karkata hancinsa, inda fitila ta nuna zai iya saɓawa da inda hatsarin yake. Kuma ba ta umartar matuƙi ya hau ko ya sauka, saɓanin na'urar TCAS ta manyan jiragen fasinja.

Babban abin da malamai ke tsoro shi ne sakaci: matuƙi ya ɗauki shirun na'ura a matsayin shaidar cewa sama fayau take, ko ya duƙufa kan allo a lokacin da ya kamata idonsa na waje.

Shi ya sa kulob-kulob ke koyar da cewa idan ƙarar ta tashi, a ɗaga kai a nemi jirgin da ido. Doka za ta iya tilasta a saka na'ura a kowane jirgi, kuma a tabbatar da hakan tun yana ƙasa. Ɗabi'ar duba sama kuwa babu sufeton da zai iya auna ta. Sai horo da maimaitawa.